Lambobin yabon Biyetnam ba duka na fagen daga ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa duk sojan waje da Biyetnam ta Kudu ta ba lambar yabo, to jarumta ya nuna a fagen daga. Ba haka abin yake ba. Kafin rushewar gwamnatin a 1975, tana da lambobi na musamman da take ba sojojin ƙawayenta, irin su Amurka da Ostireliya, saboda horar da dakarunta, aikin ofis, aikin fasaha ko taimakon farar hula, kuma galibi aji biyu ne, na hafsoshi da na ƙananan sojoji. Wannan hidima ce da ta cancanci girmamawa. Mai son tabbatarwa ya karanta takardar shaidar lambar, domin ita ce ke faɗin dalilin bayarwa. Don Allah a yaɗa wannan bayani.