Furen da aka hana tsinka a faƙon Soldiers Delight: me dokar Amurka ta ce, kuma a ina ta tsaya?

A arewa maso yammacin birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka, kusa da garin Owings Mills, akwai wani fili mai faɗin eka wajen 1,900 da ake kira Soldiers Delight. Manomi in ya gan shi faƙo zai kira shi: ƙasa ba zurfi, tsakuwa ko'ina, ciyawa jefi-jefi, itatuwan ma gajeru kamar an danne su. Amma gwamnatin jihar na tsaron wannan faƙo fiye da yadda take tsaron dazuzzuka da yawa masu duhuwa. Ba a shiga da keke, ba a shiga da doki. Mai yawo a ƙafa an shata masa hanyoyi masu tsawon mil bakwai, ana so ya tsaya a kansu. Fure kuwa, ko ɗaya bai halatta ya tsinka ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafar mai tafiya. Dutsen da ke shimfiɗe a wurin wani kore-kore ne mai santsi da zane, wanda Turawa suka raɗa wa suna daga kamanninsa da fatar maciji. Mu kira shi dutsen fatar maciji. Idan ya rududduge ya zama ƙasa, ƙasar kan fito da magniziyam mai yawa, da ƙarafa irin su nikel da kuromiyam, ga ƙarancin kalsiyam da sauran abincin da shuka ke buƙata. Ba ta riƙe ruwa, rana na dukanta sai ta bushe. Yawancin tsirrai ba sa jure wannan. Waɗanda suka jure kuwa sun samu fili babu mai yi musu inuwa, babu mai ƙwace musu abinci, shi ya sa ake samun a nan abin da ba a samu a gonakin da ke kewaye. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Maryland na lissafa tsirrai sama da iri 39 a wurin waɗanda ko dai ba su da yawa, ko suna fuskantar barazana, ko suna dab da ƙarewa. Kuromiyam ɗin nan shi ya taɓa jawo masu haƙar ma'adinai: a ƙarni na 19 wani attajirin Baltimore, Isaac Tyson, ya haƙi ma'adinin a wannan yanki, har yau bakin ramin Choate na nan ana gani.

Cikin tsirran akwai ɗaya da ya fi jan hankalin doka, wanda masana ke kira Agalinis acuta. Ɗan siriri ne, ba ya kai gwiwa, furensa ruwan hoda. Yana fure daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, kowane fure ya buɗe da safe, kafin rana ta faɗi ya kaɗe. Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san wani danginsa, wato ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Gida ɗaya suka fito, kuma halinsu ya yi kama, don shi ma yana laƙe wa saiwar ciyawa ya tsotsi ruwa da abinci. Bambancin shi ne namu ya addabi gonaki, wancan kuwa ya rage a 'yan wurare ƙalilan a gabashin Amurka, har gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin masu dab da ƙarewa a 1988.

Wannan jeri ya samo asali ne daga dokar kare halittun da ke dab da ƙarewa, wadda shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 28 ga Disamba, 1973. Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ce ke ɗawainiyar tsirrai da dabbobin tudu a ƙarƙashinta. Tsirrai sun shigo a makare. Sai a 1977 aka sa na farko cikin jerin, guda huɗu daga tsibirin San Clemente na Kalifoniya. Mutane da yawa, har da Amurkawan kansu, sun ɗauka cewa da zarar an sa abu cikin jerin, shi ke nan ba mai taɓa shi ko'ina yake. Ga dabba haka ne. Ga tsiro ba haka ba ne, kuma a nan ne duk wanda ke son fahimtar dokar ya kamata ya natsu.

Sashe na 9 ya haramta kashe dabbar da ke dab da ƙarewa, ko kama ta, ko raunata ta, ko takura mata, ko da a bayan gidan mutum aka same ta. Da ya zo kan tsirrai sai ya sauya tambaya. Bai tsaya kan wane tsiro ba ne kaɗai, sai ya ƙara da cewa: a ƙasar wa yake?

Idan a ƙasar gwamnatin tarayya yake, kamar gandun dajin tarayya ko sansanin soja, laifi ne a cire shi a tafi da shi, laifi ne kuma a ɓata shi da mugun nufi. Hanin cirewa an ƙara shi ne a gyaran da majalisa ta yi wa dokar a 1982, na ɓarna kuma a 1988. Idan kuwa ba a ƙasar tarayya yake ba, wato ƙasar jiha ce ko ta ƙaramar hukuma ko ta wani mutum, dokar tarayya ba ta hana da kanta ba. Abin da gyaran 1988 ya ce shi ne, cire shi ko yanke shi ko tone shi ko lalata shi zai zama laifin tarayya ne idan mutum ya yi hakan alhali ya san yana saɓa wa wata doka ko ƙa'ida ta jihar, ko kuma ya yi shi ne a yayin da ya kutsa filin wani ta hanyar da dokar laifuffuka ta jihar ta hana. A taƙaice, a wajen ƙasarta, dokar tarayya na jingina ne da ta jiha. Inda jiha ta yi shiru, ita ma sai ta yi shiru.

To, Soldiers Delight ba na tarayya ba ne, na jihar Maryland ne. Ke nan abin da ke tsaron furen a wurin, tun da farko, shi ne dokar jihar. Ƙa'idojin filayen shaƙatawa na jihar sun hana cire ko ɓata tsiro, kowane iri ne, har da dutse da ma'adini, don haka ko ɓallin koren dutsen nan ba a sakawa a aljihu. Ban da wannan, jihar na da tata dokar kare halittun da ke dab da ƙarewa tun 1975, mai nata jerin. Tsiron da ke cikin wannan jeri ba a ɗibarsa a ƙasar jiha sai da takardar izini daga hukuma, ba a ɗibarsa a filin wani sai da rubutaccen izinin mai filin.

Mu ɗauki misali. Mai yawo ya ga wani farin fure da ke cike da wurin, ya tsinka. Ya karya ƙa'idar jiha, jami'an jihar ne ke da magana da shi. Wani kuma ya karanta allon gargaɗi, ya sauka daga hanya, ya tone Agalinis da saiwarsa don ya kai gida. Wannan ya karya dokar jiha da saninsa, kuma saboda tsiron na cikin jerin tarayya, wannan karyawar ce ke buɗe ƙofar dokar tarayya a kansa. Abin da ke rubuce a sashe na 11 na dokar tarayya shi ne tarar da ta kai dala 25,000 kan kowane laifi da aka yi da sani, adadin da ake ɗagawa lokaci-lokaci saboda hauhawar farashi. Idan aka kai ga shari'ar laifi, tarar na iya kai dala 50,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko a haɗa duka biyun.

Yanzu a tsallaka iyakar filin gwamnati a shiga gonar wani. Dutsen fatar maciji bai san iyaka ba, yana iya miƙewa ƙarƙashin filayen mutane, furen ma haka. Mai filin, idan ya ga dama, ya kawo motar tura ƙasa ya share wurin ya gina gida, sashe na 9 bai kama shi ba muddin bai saɓa wa dokar jiharsa ba. Da tsuntsun da ke cikin jerin ne ya kashe a wannan fili, da ya shiga uku. Asalin wannan bambanci tsoho ne, gadon shari'ar Ingila ne: naman daji ba na kowa ba ne, hukuma ce ke riƙe da shi a madadin jama'a, amma abin da ya tsiro a ƙasa ana ɗaukarsa wani ɓangare ne na ƙasar, mallakin mai ita. An taɓa gwada faɗaɗa ma'anar "ƙasar da ke ƙarƙashin ikon tarayya" a wata ƙara daga Kalifoniya, kan wani fure da ke tsirowa a fadamar wani fili mai zaman kansa. Masu ƙara suka ce ai tarayya na da iko kan fadamu ta hanyar dokar ruwa. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ƙi yarda da wannan fassara.

Abu biyu ne ke rage faɗin wannan giɓi. Na farko sashe na 7, wanda ya wajabta wa kowace hukumar tarayya ta tuntuɓi Hukumar Kifi da Namun Daji kafin ta yi wani aiki, ko ta ba da kuɗinsa, ko ta ba da izininsa, don a tabbatar aikin ba zai jefa halittar cikin haɗarin ƙarewa ba. A nan tsiro da dabba daidai suke. Saboda haka mai fili da ke buƙatar izinin tarayya, misali don cike fadama, zai iya tarar da furen ya shigo cikin lissafinsa. Na biyu kasuwanci: mallakar fili ba ta ba mutum damar sayar da tsiron da ke dab da ƙarewa zuwa wata jiha ko fitar da shi waje ba tare da izini ba.

A ganina giɓin na nan duk da haka, kuma ya fi yi wa tsirran faƙo illa fiye da saura. Dabba in an dame ta tana iya ƙaura. Duk tsiron da ba ya iya rayuwa sai a kan wannan ƙasa mai ɗaci ba shi da inda zai koma, tunda faƙon kansa tsibirai ne 'yan ƙanana, a warwatse tsakanin Maryland da Pennsylvania. Shi ya sa masu kishin wurin ba su zauna jiran doka ba. Mutanen yankin ne suka tara kuɗi suka matsa wa hukuma, jihar ta fara sayen filin a farkon shekarun 1970. Sayen ƙasar shi ya mayar da furen ƙarƙashin ƙa'idar da ke da haƙora.

Akwai abin da kan ɗaure wa baƙo kai idan ya je. An hana shi tsinkar fure ɗaya, amma sai ya ga kututturan itatuwa an sare da zarto, ya ga wani sashe ya yi baƙi ƙirin da toka, kuma ma'aikatan hukumar ne da kansu suka sa wutar. Wanda ya tashi yana jin ana wa'azin illar ƙona daji zai ga kamar an yi tufka da warwara. Ba haka ba ne. Filin ciyawar nan wuta ce ta raine shi. 'Yan asalin ƙasar sun daɗe suna ƙona shi don farauta tun kafin zuwan Turawa, bayan su kuma kiwon dabbobi ya ci gaba da hana itatuwa tashi. Da aka daina duka biyun, sai wani itace mai ganye kamar allura, fayin ɗin Virginia, ya mamaye wurin. Yana yin inuwa, ganyensa na zuba yana taruwa ya zama sabuwar ƙasa mai laushi a kan dutsen, daga nan sai tsirran daji na yau da kullum su samu wurin zama su kori masu gida. Da an kewaye filin an ce kada kowa ya taɓa komai, da cikin 'yan shekaru gommai an samu daji mai kyau, babu furen da aka kewaye wurin dominsa. Don haka tun wajen ƙarshen shekarun 1980 ake sare fayin, ana sa wuta a sassa-sassa, a lokacin da aka tsara, da ma'aikata masu horo da 'yan sa-kai. Hanin da ke kan baƙo da aikin da ke hannun hukuma manufarsu ɗaya.

Dokar tarayya ma ta tanadi irin wannan. Sashe na 10 ya ba da damar a bayar da izinin yin abin da aka hana, idan don binciken kimiyya ne ko don taimaka wa halittar ta yaɗu. Ta wannan ƙofa ce masana ke ɗibar iri su adana, ko su shuka a wani wurin da ya dace. Ɗalibi ko mai bincike da ke son ɗaukar samfuri a Soldiers Delight, hukumar jihar zai nema tukuna, ya bayyana abin da zai ɗiba da dalilinsa.

Saura tambayar da kowa kan yi: fure ɗaya tak, me zai rage? Ga itace mai shekaru, ƙila ba komai. Amma Agalinis shekara ɗaya yake rayuwa. Yana tsirowa, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Na baɗi duk daga irin da ya zuba a ƙasa za su fito. Furen da aka tsinka a Satumba kwanson iri ne da ba zai nuna ba. Takun ƙafa ma haka: ƙasar ba ta da kauri, sawun keke ko kofaton doki na yanka ta, ruwan sama ya bi ya wanke ta har dutse, ga kuma irin baƙin ciyayi da ke maƙalewa a taya da kashin doki su shigo. Dalilin hana keke da doki ke nan, da dalilin cewa a tsaya kan hanya. Mai kare an yarda ya shigo da shi, amma a ɗaure da igiya. Hoto kuwa ba a hana ba, sai dai wanda ke son ya samu furen a buɗe ya je da safe, tsakanin ƙarshen Agusta da tsakiyar Satumba.