Ma'anar "Oolong": Shayin da Ake Ta Kira Maganin Rage Teɓa

Kwanakin nan ba ka buɗe Facebook ko TikTok ba tare da ka ci karo da mai tallar "oolong" ba. Wata ta ce ganye ne na musamman da ke narkar da kitse cikin mako biyu, wani ya ce tsiro ne da ba ya fitowa sai a kan dutse. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai gabatar da wani shirin lafiya a rediyo da na ji yana cewa shayi ne "da aka tsima har ya ruɓa, kamar daddawa". Shekaru ke nan ina tara shayin Sin ina ɗanɗanawa, kuma wannan maganar ta daddawa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Babu wata bishiya mai suna oolong. Koren shayi da baƙin shayin da mai shayi ke haɗa mana da madara da oolong duk ganyen bishiya ɗaya ne, wadda masana ke kira Camellia sinensis. Ruɗanin ya daɗe, don masanin tsirrai Linnaeus shi ma ya raba su gida biyu, sai da wani masanin tsirrai ɗan Scotland, Robert Fortune, ya shiga gonakin Sin a shekarun 1840 kafin Turawa su yarda cewa bambancin a hannun mai sarrafawa yake.

Ɗauki goro ka fasa, ka kankare shi da ɗan yatsa, ka ajiye. Kafin ka gama gaisawa da maƙwabci wurin ya rine ya yi ja. Goron bai ruɓa ba, iska ce ta taɓa ruwan jikinsa. Abin da ke faruwa da ganyen shayi ke nan. Idan aka tsinke shi aka yi maza aka gasa, iska ba ta samu dama ba, ya zama koren shayi. Idan aka murje shi aka bar shi ya rine gaba ɗaya, ya zama baƙin shayi. Oolong shi ne wanda aka tsayar a hanya. Ana shanya ganyen a rana ya yi laushi, a zuba a faifan gora a girgiza don bakinsa ya ƙuje, a bar shi ya huta, a sake girgizawa, haka har dare ya raba. Mai aikin da hanci yake aunawa. Da ƙamshin ɗanyen ganye ya juya ya koma na fure, sai ya jefa shi a kasko mai zafi ya tsayar da rinewar. Shi ya sa Sinawa ke siffanta shi da koren ganye mai jan baki, kuma idan ka baje ganyen da ka gama jiƙawa a tafin hannu za ka iya ganin jan a gefe.

To ina daddawa a nan? Daddawa ƙwayoyin halitta ne suke cin kalwa har ta sauya. Akwai shayin Sin da ake yi wa irin wannan, wato Pu'er na lardin Yunnan, wanda ake jibgewa da danshi na tsawon makonni. Wannan ne Sinawa ke sanyawa a sahun "baƙin shayi", namu na teburin mai shayi kuwa "jan shayi" suke ce masa, don launin ruwansa suke kallo. Mai rediyon ya ɗauki labarin Pu'er ya ɗora wa oolong.

Sunan kansa daga "wulong" ne. "Wu" baƙi, "long" kuma macijin tatsuniyar Sinawa mai ƙaho da ƙafafu. Idan ka ga dogon ganyen tsaunin Wuyi, baƙi a murɗe, za ka gane dalili. Gidan oolong lardin Fujian ne, inda tsaunin yake, kafin ya bazu zuwa Guangdong da Taiwan. Daga bakin mutanen Fujian ɗin ne 'yan kasuwar Holan suka ɗauki kalmar "te", wadda ta bi ta Turanci ta iso mana a matsayin "ti", ita kuwa "shayi" ta Larabci ta biyo, daga "cha".

Abin da ke ba ni haushi da tallar rage teɓa shi ne yadda take mayar da aikin dare guda ya zama magani da ake haɗiya a toshe hanci. Akwai sinadarin kafin a cikinsa kamar kowane shayi, amma kofi biyu ba su goge tuwon dare. Kuma oolong iri-iri ne, kiran su duka da suna ɗaya zalunci ne. Tieguanyin ta gundumar Anxi a dunƙule take kamar tsakuwa, ruwanta fatsi-fatsi, ƙamshinta na fure. Shi kuwa na Wuyi mai suna Da Hong Pao an gasa shi a kan gawayi, yana barin ɗanɗano kamar na gasasshiyar gyaɗa a maƙogwaro. Uwayen bishiyoyinsa guda 6 suna nan a jikin dutse, an daina tsinkar su tun 2006.

Ni dai giram 5 nake zubawa a gaiwan, ɗan kwanon tangaran mai murfi da ke ɗaukar kusan mililita 100. Ruwa mai tafasa, daƙiƙa 20, in tace, ba sukari ba madara. Jiƙo na farko ganyen bai gama buɗewa ba. A na uku ƙwayoyin da suka zauna a gindin kwano sun kumbura har suna ɗaga murfi, kuma ganye mai kyau yakan kai ni jiƙo na bakwai kafin ruwan ya fara salam.