Bargon jariri mai saƙar kunyoyi

Bargon jariri mai saƙar kunyoyi ƙaramin bargo ne da ake saƙawa da hannu, da allurai biyu da zare, inda saƙar ke fitowa layi-layi a tsaye, wani ya taso wani ya lotsa, kamar kunyoyin gona da kwarinsu. Irin saƙar ce da ake gani a bakin hannun rigar sanyi da wuyan safa da bakin hula, wuraren da ake son tufa ta buɗe sannan ta koma ta kama jiki. A bargo kuwa, abin da ake nema a wajenta shi ne kauri mai taushi, da fuska biyu masu kama da juna, da gefen da ba ya naɗewa.

Yadda saƙar take

Saƙar allura gaba ɗayanta madauki iri biyu ne. Akwai madaukin gaba, wanda ake zaro zare ta cikinsa daga baya zuwa gaba, ya fito sumul da siffar harafin V. Akwai madaukin baya, wanda ake tura zaren daga gaba zuwa baya, ya bar ɗan ƙulli a kwance. A gaskiya abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu, domin duk madaukin gaba in aka juya saƙar madaukin baya ne.

Idan aka cika fuska guda da madaukin gaba zalla, wato saƙar sumul, saƙar takan yi kyan gani amma ta riƙa naɗewa, gefuna su lanƙwashe baya, sama da ƙasa su lanƙwaso gaba. Dalili shi ne kowane madauki yana jan zare zuwa ɓangare guda, kuma babu mai ja da shi. Saƙar kunyoyi tana jera gaba da baya kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya, sai jan wannan ya kashe na wancan, bargo ya kwanta lafiya lau. Layukan baya kuma sukan nutse su ɓuya tsakanin na gaba. A nan ne iska ke maƙalewa ta riƙe ɗumi, a nan ne kuma saƙar ke samun damar miƙewa ta dawo.

An fi yin ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu, wato madaukin gaba ɗaya da na baya ɗaya, ko gaba biyu da baya biyu.   A biyu-biyu, ana ɗora madaukai da adadin da huɗu ke rabawa, a ƙara biyu, don gefen dama da na hagu su zo iri ɗaya. Layin farko: gaba biyu, baya biyu, har a ƙare da gaba biyu. In an juyo, sai a bi abin da ido ya gani, mai siffar V a yi masa gaba, mai ƙulli a yi masa baya. Kafin kowane sauyi dole a ratsa da zaren tsakanin allurai biyun, a kawo shi gaba ko a mayar da shi baya. Wanda ya manta, zaren zai hau kan allura ya zama ƙarin madauki, ya bar rami a ƙarƙashinsa, lissafin layi na gaba kuma ya rikice.

Tarihi a taƙaice

Mafi daɗewar saƙar allura da aka tono daga Masar take, safunan auduga na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Madaukin baya ya bayyana a Turai a ƙarni na 16. Ana ganinsa a safar siliki da aka binne Eleonora ta Toledo, matar sarkin Florence a Italiya, da ita a 1562. Injin saƙar safa da William Lee ya ƙera a Ingila a 1589 saƙar sumul kawai yake iyawa. Sai a 1758 da 1759 Jedediah Strutt ya yi rajistar ƙarin na'urar da ta ba injin damar fitar da kunyoyi, aka riƙa kiran saƙar da sunan garin Derby na Ingila.

Zare da allura

Taushi daga zare yake farawa. Ulun tumakin merino silinsa siriri ne, galibi ƙasa da maikiron 24 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), yayin da ƙaiƙayin da aka san ulu da shi yakan fito ne daga silin da ya kai wajen maikiron 30. Ulu yana da ƙarfin komawa yadda yake, don haka kunyoyinsa sukan tsaya cas. Matsalarsa wanki: ruwan zafi da cuɗa sukan sa ya cure ya tsuke, sai fa wanda aka sarrafa musamman don injin wanki. Akirilik, zaren roba da ya shiga kasuwa wajen 1950, yana jure wanki akai-akai, abin da duk mai rainon jariri ya san darajarsa, amma ba ya shan gumi, kuma zafin dutsen guga na kashe masa laushi har ya narke. Auduga ta fi dacewa da wuri mai zafi, sai dai ba ta da tsalle, kunyoyinta sukan baje bayan 'yan wanki. Zare mai gashi irin na mohair da angora ana kauce masa, saboda yana zubar da gashin da kan shiga baki da hanci.

Zare matsakaici yakan tafi da allura mai kaurin milimita 4 zuwa 5.5. Yawancin masu saƙa sun fi son allura mai igiya a tsakiya, tsawon santimita 80 zuwa 100, domin nauyin bargon ya sauka a cinya maimakon wuyan hannu. A sayi zaren duka lokaci guda, mai lambar rini ɗaya. Bambancin da ba a gani a ƙunshi yakan fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar bargo.

Awo

Nan ne saƙar kunyoyi ke yaudarar mutane. Tana tsukewa a faɗi sosai, ta yadda madaukan da za su ba da bargo a saƙar sumul sai su ba da abin da bai kai faɗin bargon ba ko kusa. Saboda haka ake fara saƙa ɗan gwaji da ya ɗara santimita 10, a wanke shi, a shanya, a ɗan ja shi kaɗan sannan a ƙirga. Girman da aka saba shi ne kimanin santimita 75 da 90. Idan gwaji ya nuna madauki 20 a santimita 10, faɗin 75 na buƙatar 150, wanda ya yi daidai da huɗu sau 37 da ƙarin biyu.

Ɗorin farko da rufewar ƙarshe duka a sassauta hannu. In rufewa ta matse, jikin bargo zai miƙe bakinsa ya ƙi. Maganinsa a rufe bisa tsarin saƙar, gaba a kan gaba, baya a kan baya, ko a ɗauki allurar da ta fi kauri. Jelar zare a soka ta cikin layin kunya da allurar ɗinki mai dakusasshen baki, kada a dogara da ƙulli. Bayan wanki a shimfiɗa shi ya bushe, domin rataya tana ja shi ya yi tsawo.

Lafiyar jariri

Ba a sa maɓalli ko duwatsun ado ko dogayen tuntaye, kuma ramin da yatsa zai iya maƙalewa a ciki abin gudu ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a bar bargo sake a makwancin jaririn da bai cika wata 12 ba, saboda haɗarin toshe numfashi da mutuwar fuju'a cikin barci. A Birtaniya, shawarar hukumar lafiya ita ce a kwantar da jariri rigingine, ƙafafunsa a ƙarshen gado, a cusa gefunan bargo mara nauyi sosai, kada ya wuce kafaɗa, ɗaki kuma ya kasance tsakanin digiri 16 da 20. Bargon kunyoyi ya fi kauri da ɗumi fiye da yadda yake a ido, in kuma aka ninka shi ya zama barguna biyu, don haka ya fi amfani a keken jariri, ko a shimfiɗa shi a ƙasa, ko a hannun babba da ke farke yana lura.