Me ya sa kuka ta fi yawan dangi a Madagaska?

Ranar Asabar ina yi wa ɗalibaina bitar darasin bayoloji a Unguwar Rimi, sai na ce musu jinsin kuka takwas ne a duniya, kuma shida daga ciki a tsibirin Madagaska, da ke teku a kudu maso gabashin Afirka, kaɗai suke. Nan fa tambayoyi suka ɓarke.

Malam, kukar miyarmu ma daga can ta zo?

Da alama kakanninta can suka fito. Wadda muke kaɗa miya da garin ganyenta jinsi ɗaya ce tak, ita ta mamaye Afirka. Ta takwas ɗin tana Ostareliya. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2024 ya nuna tushen dangin a Madagaska yake, ana kuma kyautata zaton 'ya'yan kukar ne suka bi ruwan teku. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan kuka ya san taurin ɓawonsa.

Me ke sa tsibiri ya mallaki tsirran da babu su ko'ina?

Keɓewa da daɗewa. Madagaska ta rabu da Afirka kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, ta rabu da Indiya wajen shekara miliyan 88. Irin da ya samu kansa a can, ko tsuntsu ne ya kai shi ko iska, ya daina barbara da 'yan uwansa na babban yanki. Zuriya bayan zuriya, wanda ya fi dacewa da wurin shi ke rayuwa ya yi iri. Manomi ma haka yake ware zangarniyar da ta fi kyau don shukar baɗi, sai dai a can ƙasa da yanayi ne ke zaɓen. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na tsirran tsibirin nasa ne shi kaɗai.

To ina ruwan duwatsu a ciki?

A ganina nan ne gishirin maganar. Tsibiri shimfiɗaɗɗe gida ɗaya ne, amma mai tsaunuka gidan yawa ne, kowane sashe da tukunyarsa. Tuddan Madagaska sun miƙe daga arewa zuwa kudu, mafi tsayinsu Maromokotro, mita 2,876. Iskar Tekun Indiya tana cin karo da su ta zubar da ruwanta a gabas, sai ga kurmi mai duhu. Kafin ta gangara yamma da kudu ta bushe, can ne kuka da ƙayoyi suke mulki. Ga kuma sanyi: duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6. Kwari mai zurfi ma kan raba tsiro da ɗan uwansa har su zama jinsi biyu.

Hawayi, tsibiran nan masu tsaunuka da ke Tekun Pasifik, ta fi ba ni mamaki. Tsiro guda daga yammacin Amurka ya isa can kimanin shekara miliyan 5 baya, ya haifar da jinsi wajen 30: wani bishiya, wani mai yaɗo, wani dunƙule mai ganye kalar azurfa a saman dutse mai aman wuta.

Muna da irin wannan a Najeriya?

Tsauni mai sanyi da ƙasa mai zafi ta kewaye shi ma tsibiri ne ga tsiro. Tsaunukan Mambila da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, a jihar Taraba, haka suke. Ko a jiharmu ta Kaduna, wanda ya hau duwatsun Kagoro ya san ciyayin ba irin na Rigachikun ba ne.

Mu me ya shafe mu?

Na nuna musu furen nan mai ruwan hoda, mai fala-falai biyar, da ke bakin katangar makaranta. Asalinsa Madagaska ne, kuma daga jikinsa ake fitar da vinkiristin, maganin da ake ba yara masu sankarar jini. Wata yarinya ta ce a gidansu ciyawa ake ɗaukarsa, jiya ma ta tuge biyu.