Idan Diga Ta Tono Kufai: Me Doka Ta Ce?

A Jos, ƙasa ba ta ɓoye abin da ta haɗiye. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na yumbu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi da ke Jos, wani kan daga Jema'a, bayan ya yi shekara guda a gonar doya ana korar tsuntsaye da shi. Wannan Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Yanzu a ce ɗan kwangila yana share fili don gina wurin shaƙatawa, katafila ta yaye ƙasa, sai ga tsingaro a shimfiɗe, ga dutsen niƙa da ramin da hannu ya cinye a tsakiyarsa, ga kashin tama. Kufai ke nan. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato doka mai lamba 77 ta 1979, ta ba wanda ya gano irin wannan kwana bakwai kacal ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma, ya faɗi wurin da yadda abin ya faru.

Takardar fili ba ta ba ka damar ci gaba da tono don neman wasu. Haƙa da nufin neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Sayarwa kuwa ba a yi sai ga wakilin da ta amince da shi, fita da su waje ma sai da takarda. Kayan hannu masu darajar tarihi da aka yi kafin 1918 duk sun shiga ciki.

Abin da ke damuna shi ne tarar cinikin ɓoye: naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara uku. Naira 2,000 a yau ba ta sayi ko buhun siminti ba, ta tsorata wa?

Ɗan kwangila kan ji tsoron a tsayar masa da aiki, ya ce wa yara su rufe kawai. Nan ne babbar asara. Masana daga gawayin murhu suke gane shekarun wuri, daga zurfin da tukunya ta kwanta suke sanin wa ya riga wa zama. Katafila ta bi ta kai sau ɗaya, ko an tsinto tukunyar daga baya, ba a ƙara sanin zamaninta.