Waiwaye: Ƙaramin shak ɗin da ya shekara 147 yana ɓarna ba a kama shi ba

Tarwaɗa da karfasar da masunta ke fitarwa daga tabkin Madarunfa kifaye ne masu ƙashi. Shak kuwa, kifin teku mai farauta, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa, a nan aka fara raba su a tsarin rabe-raben halittu. Daga cikin dangin shak akwai wani ɗan tsurut mai suna Isistius brasiliensis, namiji bai wuce santimita 42 ba, mace ta kan kai 56. Tarihinsa ya cancanci ɗaliban ilimin halittu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su san shi.

Faransawa biyu, Quoy da Gaimard, su suka fara bayyana shi a 1824, bayan tafiyar jirgin ruwan Uranie ta 1817 zuwa 1820. An kamo shi a tekun Barazil, suka raɗa masa Scymnus brasiliensis. A 1865 Ba'amurke Theodore Gill ya ware masa jinsi na kansa, Isistius. Yau yana cikin iyalin Dalatiidae, kuma a 1964 Garrick da Springer suka bayyana ɗan'uwansa mai manyan haƙora, Isistius plutodus.

Suna dai an ba shi, amma yadda yake cin abinci babu wanda ya sani. Shekara da shekaru masunta na ciro kifin tuna da rami a jiki, zagayayye kamar bakin kofin shayi, faɗinsa wajen santimita 5, zurfinsa ya kan kai 7. Ana ganin irin tabon a jikin dabbobin teku masu shayarwa. Aka ɗora wa ƙwayoyin cuta laifin, aka ɗora wa tsutsotsi, aka ɗora wa wani kifi mai tsotson jini. Sai a 1971 wani mai binciken kifaye, Everet Jones, ya nuna cewa ɗan kifin nan ne mai aika-aikar.

Wanda ya dubi bakinsa zai yi mamakin jinkirin. Leɓɓansa masu kauri ne, da su yake mannewa a jikin babban kifi. Sai ya toshe ƙofofin numfashi biyu da ke bayan idanunsa, ya ja harshe baya, ya maƙale gam. Haƙoran sama, 30 zuwa 37, ƙanana ne, aikinsu riƙo. Na ƙasa, 25 zuwa 31, manya ne masu kusurwa uku, a haɗe suke a gindi. Da ya kafa su sai ya murɗa jikinsa, ya fizge tsokar ya yi gaba. Galibi wanda aka ciza ba ya mutuwa. In haƙoran ƙasa sun tsufa, layin gaba ɗaya ke zubewa, kuma haɗiye abinsa yake yi.

Da rana yana can ƙasa, har zurfin kilomita 3 da ɗoriya, da dare ya hauro. Cikinsa na fidda koren haske wanda ke saje shi da hasken sama ga mai kallo daga ƙasa, in ban da wani baƙin zobe a wuya. A 1998 masaniyar halittun teku Edith Widder ta kawo hasashen cewa zoben tarko ne: babban kifi ya ɗauka ƙaramin kifi ya gani, ya taso, ya faɗa hannun mai yanka. Bayanin ya yi ma'ana, amma hasashe ne, kada a rubuta shi a jarrabawa a matsayin tabbas.

Sojojin ruwan Amurka ma sun ɗanɗana. A shekarun 1970 jiragensu na ƙarƙashin teku sun riƙa komawa sansani saboda an yayyage robar da ke rufe na'urar sauraron sauti, man da ke ciki ya tsiyaye, na'urar ta daina aiki. An fara zargin wani sabon makamin abokan gaba. Da aka gano mai laifin, sai aka lulluɓe robar da murfin faibagilas, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi.