Wai TETFund ta daina biya wa masu digiri na uku? A'a, ga abin da aka dakatar

Tun shekaranjiya ake ta turo min saƙo ɗaya a WhatsApp wai an rufe tallafin TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya da ke tallafa wa manyan makarantu, kowa ya nemi kuɗin digirin digirgir ɗinsa da kansa. Har wata ƙanwata da ke koyarwa a Samaru, wadda take son yin bincike kan yadda ma'aikatan jin daɗin jama'a ke taimakon marasa galihu su shiga inshorar lafiya tun bayan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022, ta kira ni muryarta na rawa wai "Yaya shikenan na haƙura?" Na ce mata kwantar da hankalinki, ba haka zancen yake ba.

Abin da TETFund ta dakatar daga 1 ga Janairu 2025 shi ne tura malamai karatu ƙasar waje, Ingila da Malesiya da sauransu. Dalili biyu suka bayar, dala ta yi tashin gwauron zabi kuma wasu in sun gama karatun sai su maƙale can su ƙi dawowa. Waɗanda suka riga suka tafi ana ci gaba da biya musu, tallafin karatu a cikin gida kuwa ba a taɓa shi ba. Malamin jami'a ko kwalejin ilimi ko foliteknik ta gwamnati har yanzu zai iya nema, amma ta hannun makarantarsa, ba wai ka ɗauki takardunka ka nufi Abuja ba.

Wurin da mutane suka fi rikicewa shi ne takardar alkawarin da ake sa hannu. Wasu na cewa ai bashi ne, za a riƙa cire maka a albashi. Ba bashi ba ne matuƙar ka gama ka dawo ka yi wa makarantar da ta tura ka aiki na tsawon lokacin da kuka rubuta. In ka gudu ko ka watsar da karatun, to nan ne kuɗin ke komawa wuyanka a ce ka biya, kuma gaskiya ni ban ga laifin wannan ba, kuɗin harajin kamfanoni ne fa, ba gadon kowa ba.

Sai jita-jitar wai sabuwar dokar haraji ta kashe asusun. Eh, a daftarin farko an so a janye masa kuɗi a hankali, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi ta ƙorafi, amma wadda Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta haɗe harajin ilimi da wasu cikin haraji ɗaya na kashi 4 cikin ɗari, rabinsa na TETFund.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya dai, ma'aikacin jin daɗin jama'a da ke asibiti, wanda kullum shi ke zama da majinyacin da ba shi da kuɗin magani, in ba malamin makaranta ba ne ba ya cikin wannan tallafin. Shi ya fi kowa sanin inda tsarin lafiya ke yoyo amma da albashinsa zai biya kuɗin makaranta, ya biya kuɗin mota zuwa ƙauyukan Giwa da Soba tattara bayanai. Malaman jami'o'in kuɗi ma haka, dokar 2011 makarantun gwamnati kawai ta ambata.